Hayaƙin da Ya Koma Ɗakin Auta

A gabana aka ƙulla cinikin, a tsakar gida, kusa da babban sikelin da nake auna tsofaffin ƙarafa da shi. Auta ce ta taya. Ta ce wa mijinta idan ta sauke kilo ashirin daga jikinta, shi kuma sai ya bar abin nan. Akawu ya sunkuyar da kai, ya sosa ƙeya, ya ce ya sallama, amma da sharaɗi: ita za ta fara. Ranar da sikelin Kawu ya ce ashirin sun cika, ranar zai bari, ko ƙaurinsa ba za a sake ji a gidan ba.

Abin nan da suke faɗa sigari ce. Babu wanda ya kama sunanta saboda ina zaune a wurin. Ni ne yayan mahaifiyar Auta, ni na riƙe ta bayan rasuwar uwar, ni kuma na ba su ɗaki da falo a ƙuryar gidana, su da 'yarsu guda mai zuwa firamare. Akawu ya san na san yana sha, ni ma na san ya sani, amma tunda ya auri Auta ban taɓa ganin kara a bakinsa ba. Idan muka yi kaciɓis a hanya sai ya murje ta a tafin hannu, ya gaishe ni yana riƙe numfashi, idanunsa na zubar da ruwa. Wannan shi nake kira tarbiyya.

Suka naɗa ni alƙali. To ku dubi alƙalin. Rabon da in ga yatsun ƙafata a tsaye, har na fara shakkar ko suna nan. Idan na hau sikelin nan sai an nemo ƙarin dutsen awo. Likitan da ya ce wa Auta ƙiba na neman zuciyarta, ya kuma ce wa mijinta sigari na neman huhunsa, ni ya daɗe da gajiya da ni. Amma ni mutum ne mai ganin kansa da wayo. Aji uku na yi aka ce in je in nemi wata sana'ar, na kuwa samu. Daga ƙarar faɗuwar buhu ina gane an cusa yashi a bututu, daga kallon idon mai kaya ina gane na sata ne. Na sha faɗa wa mutane cewa ba a haifi wanda zai yi mini rufa-ido a kan sikelina ba. Na ɗora Auta, na daidaita dutse, na yi alama da alli a jikin bango, na sa musu albarka.

Ba a jima ba dokar nan ta zo. Aka lilliƙa hoton sigari da jan layi a tashar mota, da gidajen abinci, da ofisoshi, da cikin motocin haya, har bakin makarantu da shagunan magani. Wanda aka kama tara ce, ma'aikaci kuma har da gargaɗin kora. Ni na yaba. Na ce a gaban kowa wannan karon hukuma ta yi abin kai.

Akawu a tashar mota yake yankan tikiti. A da, ta 'yar tagar da yake miƙo tikitin yake busa wa fasinja hayaƙi kyauta. Yanzu babu hali. A layinmu ma babu hali, makarantar yara na wannan gefe, shagon magani na wancan, masu kame kuwa sun gano a irin waɗannan layukan ake samun kasuwa. Saura tsakar gida. A tsakar gida kuma akwai wata dokar da ta girmi ta hukuma, tana zaune a kujerar ƙarfe daga safe har faɗuwar rana tana ɓare gyaɗa. Ni ke nan.

Saboda haka sigarin yini duka ta tattara ta koma ɗakin Auta. Da can 'yan karare ne da safe da kuma bayan cin abinci. Yanzu Akawu zai dawo hutun rana yana sauri kamar wanda fitsari ya matsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya shige. Sai in ji ƙarar sakatar taga. Sai in ga an turo tsumma ƙarƙashin ƙofa, don kada ƙauri ya ɓata wa Kawu rai. Ya rama na safe, ya sha na guzurin yamma, ya fito yana tsotsar alawar minti. Da yamma haka. Ranar hutu kuwa yini ake yi. Auta na ciki duk wannan lokacin, domin tela ce, kekenta a falon yake, kuma aikinta ba ya jira.

Ni kuma ina waje ina kuri. Duk wanda ya kawo mini ƙarfe sai na nuna masa ƙofar nan da haɓa, in ce ka ga surukin arziki, a zamanin nan da yara ke busa wa iyayensu hayaƙi a fuska, wannan ko ashana ba ya kunnawa a gabana.

Auta ta kama nata ɓangaren da gaske. Ta bar sukari a shayi, ta bar burodi, ta bar soye-soye. Ita ce za ta soya mana nama, ni da Akawu mu ci mu lashe yatsa, ita ta zauna da ɗan dafaffen ganye a kwano. Da sassafe takan zaga layi da takalmin roba, mata na leƙe suna dariya. Wata na farko da na ɗora ta, da ƙyar dutsen ya motsa. Na biyu ma haka. Akawu yakan tsaya a gefe hannu a aljihu ya ce, giwata, da alama ni da abin nan mutu-ka-raba. Ita ma takan yi dariya ta ce ya jira, yana nan zaune zai ga ikon Allah.

Tarin ya fara ne a hankali, irin na ƙaiƙayin maƙogwaro. Mai shagon magani ya ba ta na ruwa, ta sha kwalba ta ƙare, ta sake saye. Daga baya ya zama idan keke ya tsaya da ƙara, tari ne ke karɓa. Na saba da shi har ya zame mini kamar ƙarar famfon maƙwabta.

Wata rana ta kawo mini abinci, maimakon ta ajiye ta tafi, sai ta tsuguna. Ta ce rana na dukana a nan, me zai hana a mayar da sikelin da kujerar can ƙofar gida, ga inuwar bango, ga iska, masu kaya ma ba sai sun sha wahalar shigowa ba. Na dube ta sama da ƙasa. Ni da nake gane yashi a bututu, na ce a raina na gano ta: gidan suke so su gaje tun ina raye, yau ƙofar gida, gobe titi. Na ce mata a nan aka yanke mini cibiya a sana'a, a nan za a ɗauke ni. Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta tashi.

Bayan haka ta gwada wata dabarar. Ran nan da rana tsaka, Akawu na ciki, sai taga ta buɗe garau. Hayaƙi ya fito kamar an ƙone katifa, ya ratsa tsakar gida, ya zo ya gaishe ni. Na yi kamar ina duba dutsen awo. Akawu ya fito ba minti ba komai, ya wuce ta gefena kansa a ƙasa, kuma kwana biyu ta bayan igiyar shanya yake bi don kada mu haɗa ido. A rana ta uku mahaifiyarsa ta iso.

Uwar Akawu mace ce da ba ta iya magana a hankali ba, don haka ban sha wahalar saurare ba. Ta ce wa Auta ita dai ba ta ga amfanin macen da ke tona asirin mijinta a gaban surukinsa ba. Ta ce uban Akawu ya sha taba har haƙoransa suka ƙare, kuma ba ita ta kashe shi ba, mota ce. Ta ce tarin nan ba komai ba ne illa kitse da ya toshe mata ƙirji, ta ci gaba da rage ciki za ta ga ya tafi. Ta ce yaro yana fama da fasinja da doka a waje, ya dawo ɗakinsa kuma a hana shi sakewa, to ina ake so ya sa kansa? Da za ta fita ta tsaya ta ba ni haƙuri a madadin ɗanta. Ni kuma na gyara zama na ce babu komai, yara ne. Har na ba ta gyaɗa.

Tagar ba ta sake buɗewa ba.

Masu ɗinki suka fara janyewa. Wata ta dawo da kayan 'yarta ta ce an ce mata a makaranta ko uwar ce ke sha. Wata ta karɓi atamfarta ba a ɗinka ba, ta ce mijinta ya shinshina na farkon ya yi mata tambayoyin da ba ta da amsarsu. Auta ba ta ce wa kowa ga daga inda ƙaurin yake ba. Akawu ya ce matan unguwa ne da tsegumi, kuma ai ɗinkin ma zama ne, zaman ke ƙara mata jiki.

Daga nan sai dutsen awo ya fara gudu. Wata guda ta sauke abin da ta kasa saukewa a watanni huɗu. Na gaba ma haka. Wuyanta ya fito, zobe ya fara yawo a yatsa, ta koma tana rage wa kanta riguna. Na yi murna kamar ni na yi aikin. Na riƙa kiran matan layi su zo su ga abin da ƙoƙari ke yi. Har na tambaye ta sirrin, don ni ma in taɓa. Ta dafa ƙarfen sikelin tana mayar da numfashi.

"Kawu, ni fa ba abin da nake yi yanzu. Zagayen ma na bari. Abincin ne ba ya shiga."

"To ki ara mini wannan ciwon na wata biyu," na ce, ina dariya har tumbina na rawa.

Ita ma ta yi murmushi. Akawu ne kawai bai yi ba. Ya dubi alamar allin da ke bango ya ga ta kusa, ya ce shi fa yana ganin sikelin nan ya tsufa, ya kamata a nemo masu gyara. Na ce masa ya zagi uwata ya fi mini sauƙi. Muka yi ta musun sikeli, ni da shi, ita kuwa ta lallaɓa ta koma ɗaki tana bin bango.

Duk wanda ya sayi ƙarfe ya san abu guda: idan tukunyar da ka sani da nauyi ta yi sauƙi a hannu, ba albarka ba ce, tsatsa ce ta cinye ta daga ciki. Na koya wa yara fiye da goma wannan. A kan 'yar ƙanwata ne kawai ban tuna ba.

Ranar da ta faɗi, Akawu ya gama na rana ya koma tasha. Na ji keke ya tsaya, na jira tarin ya karɓa kamar kullum, ban ji ba. Sai wata ƙara kamar an yar da buhu. Na kira sunanta, shiru. Na yi ta jan jiki har ƙofar, na tura, tsumman ya riƙe, na sa kafaɗa.

Rabona da shiga falon nan tun ranar da na ba su makulli, don babba ba ya kutsa kai ɗakin suruki. Ni na shafa masa farin fenti da hannuna. Na tarar da shi ruwan ƙasa-ƙasa kamar cikin tsohuwar butar shayi. Labulen ya yi nauyi, silin ya yi baƙi daidai saman kujerar da Akawu ke zama. Ban yi numfashi uku ba na fara tari. A kan tebur na ga kayan mutane, kowane yadi an naɗe shi a leda, an ƙulle baki, an sake sa shi a wata ledar. Atamfofin mutane ta samo musu mafaka. Ita kuwa tana ƙasa kusa da keke, da ƙyallen yadi a hannu, jini ya ɓata shi. Kwandon da take zuba ragowar yadi na duba, na ga ba yau aka fara ba.

A babban asibiti suka ɗauki hoton ƙirjinta, suka ɗebi jini, suka sake ɗaukar wani hoton a cikin wata na'ura mai kama da bututu. Bayan kwanaki likita ya tara mu, ni da ita da Akawu. Wata mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta tambayi Auta shekara nawa ta yi tana shan sigari. Auta ta ce ita ko riƙe kara ba ta taɓa yi ba. Likita ta ɗago ta dube ni, na ɗaga hannu biyu na ce ni nawa laifin a faranti yake. Ta dubi Akawu, ta dubi leɓɓansa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Ta ce da an zo lokacin da ramar ta fara, da akwai abin da za a gwada, don rama irin wannan ba a yi mata murna. Na tuna murnar da na yi. Ni na tara matan layi.

Akawu ya yi gyaran murya ya tambaya ko likita za ta iya rantsuwa cewa hayaƙi ne ya jawo. Ta ce ita ba ta rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba, akwai masu kamuwa ba tare da shi ba, amma ɗaki a rufe da hayaƙi shekara da shekaru ba ya barin mai sha, ba ya barin na kusa da shi, kuma idan akwai yaro a gidan a fitar da shi daga ciki tun yau. A cikin wannan magana duka Akawu rabin farko ya ɗauka. Kafin yamma uwarsa ta ji, kafin gobe layi ya ji: likita da bakinta ta ce ba za ta rantse ba. Uwar ta ƙara da nata, ta ce yunwar da yarinyar ta ɗora wa kanta ce ta buɗe wa ciwon ƙofa. Wato da ƙiba ce, yanzu kuma rama ce.

Ban ce bai damu ba. Na gan shi yana kuka a barandar asibiti, kuka na gaske. Sai dai kowane kukan yakan ƙare da tafiya can bayan katanga, inda dokar ba ta kai ba, ya dawo da minti a baki. Ya ce mini tashin hankali ne, idan ta warke zai bari.

Da aka sallamo ta da jakar magunguna, na ce a kai ta ɗakina ita da yarinyar, ni na koma ɗakin ajiya. Ba ta yi musu ba. Amma da aka shigo da ita tsakar gida, ta ce a tsaya. Ta ce a ɗora ta a sikeli.

Na ce ba yau ba. Ta ce yau. 'Yarta ta riƙe mata hannu guda, ni na riƙe ɗayan, ta hau. Ban buƙaci duba alamar bango ba, hannuna ya gaya mini tun kafin dutsen ya tsaya. Ta wuce ashirin da nisa. Ta juya ta dubi mijinta.

"Na cika nawa," ta ce. "Saura kai. Ba don ni ba, ni an gama. Yarinyar nan za ta koma ɗakin nan wata rana."

Na ɗauka kunya ta kama Akawu. Sai ya matso kusa da ni, ya rage murya kamar mai neman ragi, ya ce shi fa ba ya son a ce ya karya alkawari, amma Kawu shi ne alƙali, a duba gaskiya. Abin da aka yi ciniki a kai shi ne ta rage da ƙoƙarinta. Wannan kuwa ciwo ne ya rage ta. Ba ita ta yi ba.

Na yi ciniki da ɓarayi, na yi da mashaya, na yi da wanda ya sayar mini da ƙofar gidan ubansa uban na ciki yana barci. Ban taɓa jin irin wannan ba. Hannuna ya kai kan dutsen awo, kuma Allah ne ya sa nauyin jikina ya fi fushina saurin aiki, kafin in ɗaga na yi tunani. Idan na kore shi, Auta ce za ta yi kukan. Idan na ce na yanke hukunci ya bari, zai durƙusa ya ce to Kawu, gobe in ji ƙarar sakata, in ga tsumma. Na san mutane. Wanda shekara da shekaru ya gwammace ya ƙona tafin hannunsa da ya bari, ba hukuncina ne zai raba shi da ita ba. Abu guda ne a gidan nan yake hannuna.

Na sa hannu a aljihun rigarsa na zaro kwalin. Na ciro kara guda, na miƙa masa. Na ce wa yarinyar ta shiga da uwarta ciki ta rufe ƙofa, amma Auta ta tsaya a bakin ƙofar tana kallo. Na ƙyasta ashana.

"Sha," na ce.

"Kawu, don Allah."

"Sigari ce sunanta, ba abin nan ba. Sha a gabana. Daga yau nan ne wurinka, can ƙarshen tsakar gida, kusa da tarin ƙarfe. Ranar da na sake jin sakatar tagar nan, da kaina zan ɓalle ta in auna in sayar."

Ya karɓa. Ya juya mini baya ya zuƙa, ya ƙware, ya yi ta tari kamar sabon shiga. Daga bakin ƙofa na ji Auta na dariya, irin dariyar da ba ta da ƙarfin fita.

"Kawu," ta ce, "da ka yi wannan tun bara, da watakila ina nan da ƙibata ina ci muku nama."

Ta kulle ni. Ni da ba a taɓa kulle ni a ciniki ba.

Kunyar Akawu, wadda na yi shekaru ina nuna wa baƙi kamar sabuwar mota, kwana uku ta yi. A na farko bango yake fuskanta. A na biyu ya zauna a gefe. A na uku ya ɗora ƙafa kan ƙafa ya ce, Kawu, ko akwai ashana a nan kusa? Ashe abin da aka toshe taga dominsa bai fi haka nauyi ba.

Auta ta yi 'yan watanni a ɗakina, taga a buɗe dare da rana. Ta ce ta manta iska na da ɗanɗano. Ta sa aka kwance ledojin nan aka mayar wa kowa yadinsa, ta koya wa 'yarta zura zare da sa maɓalli. Ta rasu wata safiya, yarinyar na makaranta, Akawu na tasha. Ni kaɗai ne a wurin. Masu ɗaukarta suka ce ba ta da nauyi, suna faɗa kamar abin sauƙi ne.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na tashi daga ciniki ban san wa ya ci wa ya faɗi ba. Fasinjan tasha sun ci, suna karɓar tikiti ba hayaƙi, kuma har gobe ina cewa dokar nan ta yi daidai, iyakarta dai ƙofar gida, ba ta san me ake yi bayan ƙofar ba. Mai kantin da ke sayar wa Akawu kwali bai yi asarar ko kara guda ba. Uwar Akawu ta ci, ta samu labarin da take bayarwa, na surukar da ta kashe kanta da yunwa don son kyau. Akawu ya fi kowa ci: bai bar komai ba, ya samu fili da iska da izinin babba, kuma mutane na tausaya masa. Yarinyar ta samu ɗaki mai taga a buɗe, ta biya da uwa. Ni na rasa girman da nake taƙama da shi, yanzu yaran da ke kawo mini ƙarfe da sigari a baki suke shigowa, sun ji an ce tsohon ba ya damuwa. Tumbina ne kaɗai bai ragu da komai ba, likita ta ce tana jirana.

Auta kuwa ita kaɗai ce a cikinmu ta cika alkawari, kuma ita kaɗai aka binne.